Na nemi rikicin ruwa a cikin alƙaluma ban same shi ba, ko ni ce ban iya ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar Haɗeja ce, ina digiri na biyu, kundina kuma a kan rikicin ruwa ne na cikin gida, tsakanin manoma da makiyaya da masunta. Na sauke rumbun bayanan WARICC, wanda ya tattara labaran rikici da haɗin kai a kan ruwa a cikin ƙasashe, na tace abin da ya shafi ƙasashenmu, ina sa ran ganin rikici yana hauhawa duk shekarar da damina ta yi gardama. Abin da na tarar ya tayar mini da hankali. Yawancin abubuwan da aka rubuta haɗin kai ne, ko kuma maganganun da ba su karkata ko'ina ba, zubar da jini kuwa sai an tona kafin a gani. Malamin da ke duba aikina ya ce in koma in gyara, wai kowa ya san ƙafewar Tafkin Chadi ce ta haifi Boko Haram. Saura wata biyu in kare kundin. Bayanan ne ba su da kyau, ko ni ce na ɓata lissafi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Ki kwantar da hankalinki, lissafinki daidai ne. Abin da kika gani shi ne abin da masu rumbun da kansu suka gani. Thomas Bernauer da abokan aikinsa na Zurich da Oslo sun fitar da shi a 2012, da abubuwa sama da 10,000 daga ƙasashe 35 na gaɓar Bahar Rum da Gabas ta Tsakiya da Sahel, daga 1997 zuwa 2009, kowanne an ɗora shi a ma'aunin da ya tashi daga +5 (mafi girman haɗin kai) zuwa -5 (mafi munin rikici). Haɗin kai ya rinjayi saɓani, saɓanin ma galibinsa na baki ne da zanga-zanga da ƙararraki, wanda aka yi kisa a cikinsa kuwa ƙalilan ne ƙwarai. Da suka sake nazarin bayanan a 2014, sai suka ga yawan masu buƙatar ruwa, wato ƙaruwar jama'a da faɗaɗa noma da bunƙasar tattalin arziki, sun fi sauyin damina tasiri wajen tayar da saɓani.

Amma kada ki rungumi rumbun ido rufe. Daga rahotannin kafafen labarai da sashen sa ido na BBC yake tattarawa aka haɗa shi, don haka abin da kike ƙirgawa labarin da aka buga ne. Minista ya yi alkawarin dam, an aza harsashin tashar ruwa, gwamna ya ƙaddamar da famfo: duk waɗannan suna faɗawa ɓangaren haɗin kai, ko da ɗigo ɗaya bai taɓa fitowa ba. Faɗan da aka yi a mashaya can cikin daji, aka binne mutum biyu kafin la'asar, ba ɗan jaridar da ya je. Sulhun da dagaci da arɗo da sarkin ruwa suka yi a zaure shi ma ba wanda ya rubuta. Sannan ƙasar da ke da 'yancin faɗin albarkacin baki takan fito kamar ta fi kowa rigima. Sifaniya ta ga manyan zanga-zangogi a kan shirin karkatar da ruwan kogin Ebro na 2001 har aka soke shi a 2004, jaridu kuma suka rubuta komai. Inda ake tsoron fita titi kuwa shafin yakan zauna fari fat. Wani abu kuma da ya kamata ki nuna wa malaminki cikin ladabi: bayanan sun tsaya a 2009, shekarar da aka yi tarzomar Maiduguri ta watan Yuli. Rumbun da ya rufe a shekarar da yaƙi ya fara ba zai iya ba da shaida a kan yaƙin ba.

Yanzu bari in zo kan maganar da ta fi damuna, domin kusan kullum sai na ji ta, a aji, a rediyo, a tarukan otal inda ake raba jaka da alawus. Ita ce cewa ƙarancin ruwa da kansa yake sa mutane su kashe juna. Tun da Ismail Serageldin, lokacin yana Bankin Duniya, ya ce a 1995 yaƙe-yaƙen ƙarni mai zuwa a kan ruwa za a yi su, maganar ta zama kamar karatun allo, ana biya ta ba a tambayar hujja. Sai a haska hotunan tauraron ɗan'adam guda huɗu na Tafkin Chadi, shuɗi yana ƙanƙancewa, a ce ga dalili. Na gaji da waɗannan hotuna. Gaskiya ne tafkin ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, gaskiya ne farin shekarun 1970 da 1980 ya tsuke shi ƙwarai har ya rabu gida biyu. To amma mafi munin ƙafewar a tsakiyar shekarun 1980 ta faru, fiye da shekara 20 kafin tarzomar 2009. Nazarin tauraron ɗan'adam da aka wallafa a 2020, wanda ya lissafa har ruwan da ke ɓoye ƙarƙashin ciyayi, ya nuna tafkin bai ci gaba da raguwa ba a shekaru ashirin ɗin da suka gabace shi. Kuma da ruwan ya ja baya, mutanen Baga da kewaye ba makami suka ɗauka ba, masara da wake suka shuka a danshin da ya bari, har Hausawa suka yi ta kwarara can cin rani. Ƙungiyar Boko Haram kuwa a cikin birnin Maiduguri ta yi tsiro, a masallaci da unguwa. Wanda ya ce tafki ne ya haife ta, sai ya gaya mana ina ya kai wa'azin tsattsauran ra'ayi, da 'yan siyasar da suka yi amfani da matasa, da kisan Muhammad Yusuf a hannun 'yan sanda.

Abin da ya sa nake kiran wannan fahimta mai haɗari shi ne tana wanke mai laifi. Idan sama ce ta hana ruwa, to babu wanda za a tuhuma. Ke 'yar Haɗeja ce, kin fi ni sani. An gama dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa a 1992. Kafin nan kogi yakan cika da damina ya malale fadama, ya janye da rani, masunci ya kama kifinsa, manomi ya yi shinkafa sannan ya bi danshi, makiyayi ya shigo bayan girbi. Da aka koma sakin ruwa duk shekara don noman rani na Kadawa da ruwan shan Kano, sai ciyawar kachalla ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama gidan tsuntsayen jan-baki. Wasu garuruwa ta wajen Marma da Nguru ruwa ya cinye musu gonaki, wasu kuma rafinsu ya bushe. Kogi ɗaya, shekara ɗaya, wani yana kukan ambaliya, maƙwabcinsa yana kukan ƙishi. Wane ma'aunin ruwan sama ne zai bayyana miki wannan? Hannun mutum ne yake buɗe ƙofar dam yana rufewa. Masana tattalin arziki irin su Edward Barbier sun lissafa tun farkon shekarun 1990 cewa ruwan da aka bar wa fadamar Haɗeja da Nguru ya fi ba da amfani a kan wanda aka tare don noman rani a sama, amma aka yi kunnen uwar shegu da lissafin.

Dubi Bakolori. A Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wa manoma wuta a yankin Talatar Mafara. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, mutanen wurin da wasu masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. Ruwa na nan a bayan dam a ranar. Gonaki aka ƙwace, diyya aka hana. Dubi kuma Logone-Birni a arewacin Kamaru a Disambar 2021, wanda shi ne misalin da masu wannan ra'ayi suka fi so. Masunta da manoma 'yan ƙabilar Musgum suna haƙa manyan ramuka don tare ruwa da kifi, shanun Larabawan Shuwa suna zamewa su faɗa ciki. Faɗa ya tashi, ya kai har Kusseri, an kashe mutane fiye da 40, dubun dubata suka tsallaka Chadi. Ruwa ya yi ƙaranci, ban musa ba. Amma an riga an yi irin wannan faɗa a watan Agustan shekarar, wata huɗu kacal kafin nan. Tambayar mai bincike ita ce me ya hana a zauna a tsaida inda za a haƙa rami da inda burtali zai bi, kuma me ya sa kowane ɓangare yake ganin hukuma ta ɗaya ɓangaren ce.

Haɗari na biyu shi ne maganin da wannan fahimta take rubutawa. Idan ciwon ƙarancin ruwa ne, maganin sai a ƙara ruwa: a haƙa rijiyar burtsatse, a ɗauki hoto, a tafi. A jihar Diffa ta Nijar an ga ƙarshen wannan. Rijiyar gargajiya tana da mai ita, baƙo yakan nemi izini, a yi yarjejeniyar kwana nawa zai shayar, ta haka ake tsare ciyawar da ke kewaye. Da aka zo da rijiyoyin siminti na gwamnati waɗanda ba na kowa ba, sai mai ƙarfi ya zama mai rijiya, aka yi ta gwabzawa tsakanin Fulani da Tubawa da Larabawa. An ƙara ruwa, rikici ya ƙaru. Duk da haka har gobe za ki ga wanda bai taɓa kwana a ruga ba ya rubuta takardar neman tallafi yana cewa burtsatse goma za su kawo zaman lafiya. Masu wannan sana'a su ji tsoron Allah. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mutane sun yi tarayya a abu uku: ruwa da ciyawa da wuta, ya kuma hana a hana rarar ruwa don a hana ciyawa da ita. A Suratul Ƙamar an ce wa Annabi Salihu ya sanar da mutanensa cewa ruwa rabo ne a tsakaninsu, kowa da ranar shansa. Maganar rabo ce da adalci tun fil azal, kuma wanda aka ba amanar ƙofar dam ko rajistar fili za a tambaye shi.

Kundinki bai lalace ba, tambayar kawai za ki juya. Maimakon neman ko fari yana kawo faɗa, ki tambayi me ya sa ƙauyuka biyu masu damina iri ɗaya, ɗaya ya yi sulhu ɗaya ya yi jana'iza. Ki bar WARICC a matsayin shimfiɗa, ki haɗa da ACLED, wani rumbun bayanan rikice-rikice, don shekarun bayan 2009, kina sane cewa shi galibi tashin hankali da zanga-zanga yake ƙirgawa, da wuya ya ga sulhu. Sauran kuwa ƙafa za ta nemo miki: littattafan ƙararraki na fadar hakimi, kotunan yanki, kwamitocin sasanta manoma da makiyaya, aikin gayyar yanke kachalla da garuruwa suke haɗuwa su yi. Akwai kuma asusun kogunan Haɗeja da Jama'are da Komadugu-Yobe da jihohi shida, Kano da Jigawa da Bauchi da Yobe da Borno da Filato, suka amince da kafawa a Damaturu a 2006. Ki bincika abin da aka alkawarta da abin da aka aiwatar. Idan Nijar za ki kwatanta, ga kwamitocin filaye da dokar karkara ta 1993 ta samar.

Alƙaluman sakin ruwa na dam za su fi ba ki wahala. Za a ce ki kawo wasiƙa, ki kawo a ce oga ya yi tafiya, alhali bayanan da kuɗin jama'a aka tara su. Ki kai wasiƙar a makon nan, ki ambaci dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 a cikinta, ki riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Malaminki kuma kada ki yi jayayya da shi a gaban mutane. Ki same shi a ofis da jadawali guda mai nuna girman tafkin shekara bayan shekara tare da shekarun tashin hankali, ki roƙe shi ya duba da ke. Allah Ya ba ki sa'a.