Me ya mayar da masana'antun motocin Detroit kangaye?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga hotunan wasu manyan gine-gine a birnin Detroit na Amurka, tagogi duk a farfashe, bishiyoyi sun tsiro a kan rufi, aka ce masana'antun ƙera motoci ne da aka yi watsi da su. Ni mutumin Kaduna ne, na san yadda masaƙun Kakuri suka ƙare. To amma Amurka fa? Ga wuta, ga kuɗi, kuma har gobe Ford na sayar da mota. Abokina ya ce motocin Japan ne suka kashe su. Haka ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, abokinka yana da gaskiyarsa, sai dai daga tsakiya ya ɗauko labarin. Motocin Japan sun yi ɓarna, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ginin da aka fi yaɗa hotonsa shi ne masana'antar Packard da ke titin East Grand Boulevard. An fara gina ta a 1903, Albert Kahn ne ya zana ta, kuma ta mamaye fili kusan eka 40. A zamanin da take tashe ana cewa mutum kusan 40,000 ke aiki a ciki, suna haɗa motocin alfarma irin na masu hannu da shuni. Motar Packard ta ƙarshe ta fito daga Detroit a 1956. Kamfanin Toyota kuwa bai fara sayar da mota a Amurka ba sai 1958, kuma motar da ya fara kawowa ba ta yi kasuwa ba. Ka ga ba Japan ce ta rufe wannan ƙofa ba. Packard ya kasa gogayya ne da manyan nan uku na gida, General Motors da Ford da Chrysler, haɗewar da ya yi da kamfanin mota na Studebaker a 1954 ma ba ta fisshe shi ba.

Abin da na fi so ka lura da shi a hotunan shi ne siffar ginin. Bene ne hawa-hawa, ginshiƙan kankare a jere kusa da juna, ga manyan tagogi don hasken rana ya shiga. A farkon ƙarnin da ya wuce wannan shi ne ƙarshen zamani. Ana hawar da kaya sama, ana sauko da su daga wannan hawa zuwa wancan har mota ta kammala. Sai Henry Ford ya kawo layin haɗa mota mai tafiya da kansa a masana'antarsa ta Highland Park a 1913, aikin da ke cin sama da awa 12 ya dawo kamar awa ɗaya da rabi. Layi irin wannan doguwar shimfiɗa yake so, hawa ɗaya, ba ginshiƙin da zai tare hanya, da filin da tirela za ta juya, da inda dubban ma'aikata za su ajiye motocinsu. Cikin birni gidaje sun kewaye masana'anta ta ko'ina, babu wurin faɗaɗawa. Shi kansa Ford tun a shekarun 1920 ya kwashe babban aikinsa zuwa River Rouge da ke Dearborn, wajen iyakar Detroit.

Bayan yaƙin duniya na biyu sauran suka bi sahu. Suna cikin cin riba suka fita, suka gina sababbin masana'antu a bayan gari da wasu jihohi, inda fili ke araha, haraji da sauƙi, ƙungiyar ƙwadago kuma ba ta da ƙarfi kamar a Detroit. Sababbin injuna suka rage yawan hannun da ake buƙata. Tsakanin 1947 da 1963 birnin ya rasa guraben aikin masana'antu kusan 134,000, tun ba a ji ɗuriyar Honda a kasuwar motocin Amurka ba.

Akwai kuma batun launin fata, wanda duk mai ba ka labarin Detroit ya tsallake shi bai ba ka komai ba. Baƙaƙen fata sun yi tururuwa daga kudancin Amurka saboda aikin mota, musamman bayan da Ford ya sanar da ladan dala 5 a yini a 1914. Da aikin ya ƙetare titin Eight Mile, wato iyakar birnin ta arewa, zuwa sababbin unguwanni, fararen fata suka bi shi. Baƙar fata kuwa banki ba ya ba shi bashin gida a can, dillali ba ya nuna masa. Manyan hanyoyin da aka shimfiɗa don sauƙaƙa fita suka ratsa ta kan unguwannin baƙaƙe irin su Black Bottom da Paradise Valley. Tarzomar watan Yulin 1967, wadda mutum 43 suka mutu a cikinta, ƙara wa gudun sauri kawai ta yi. A 1950 Detroit na da mutum kusan miliyan 1.85. A ƙidayar 2020 saura 639,111.

Sai bayan duk wannan aka zo kan zancen abokinka. Tsadar mai ta 1973 ta sa Amurkawa suka koma neman ƙananan motoci marasa shan mai, Japan kuma tana da su. Chrysler ya rufe babbar masana'antarsa ta Dodge Main a 1980. A 2009 General Motors da Chrysler suka durƙushe sai da gwamnati ta tallafe su. Birnin kansa, da ya rage da titunan da aka yi wa mutum miliyan biyu amma babu masu biyan haraji, ya kai kansa kotu a Yulin 2013 cewa ya kasa biyan bashin kusan dala biliyan 18.

Za ka ce me ya hana a rushe kangayen tun tuni? Kuɗi. Kankaren Kahn an zuba shi ne da rodi don ya ɗauki manyan injuna, fasa shi aiki ne ja, ga asbestos, wani sinadari mai cutar da huhu, a jikin bututu, ga dalma da baƙin mai sun jiƙa ƙasa. Kuɗin rushewa da share wurin ya fi darajar filin, sai mai shi ya daina biyan haraji ya yi gaba. 'Yan jari bola na can suka shiga, suka zare wayoyin tagulla, suka kwance bututu, daga ƙarshe har ƙarafan da ke riƙe da rufi suka riƙa yankewa da wutar walda. A 2013 wani mai harkar gine-gine, Fernando Palazuelo, ya sayi masana'antar Packard a gwanjo a kan dala 405,000 da alkawarin farfaɗo da ita. Ba ta farfaɗo ba. Gadar da ta haɗa ɓangarorinta biyu ta rufto kan titi a Janairun 2019, kotu ta ba da umarnin rushewa a 2022, yanzu mafi yawan abin da ka gani a hoto babu shi.

Game da Kakuri, kamannin a ido ne kawai. Masaƙunmu kamfanonin ne da kansu suka mutu, saboda rashin wuta da shigo da atamfa ta fasa-ƙwauri. A Detroit yawancin kamfanonin suna nan da ransu, wuri suka sake suka bar wa birnin kango. Har yau ana haɗa Jeep a cikin Detroit, a Jefferson North da kuma masana'antar Mack da aka buɗe a 2021, kuma Ford ya gyara tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Michigan Central, wadda ta zauna a rufe tun 1988, ya buɗe ta a Yunin 2024. Sai dai masana'antar yau mutum dubu huɗu ko biyar take ɗauka, inda River Rouge ita kaɗai ta taɓa ɗaukar sama da 100,000.