Filin Tambaya da Amsa: Haƙƙin Masu Naƙasa a Tasha da Cikin Motar Haya

Wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun fi karkata ga wahalar da masu naƙasa suke sha wajen hawa abin hawa na haya a Sakkwato da kewayenta. Na zaɓi biyar daga cikinsu, na taƙaita su ba tare da sauya ma'anarsu ba, kuma na sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni gurguwa ce tun ina 'yar shekara huɗu sakamakon shan-inna, ina zaune a Mabera, kuma ɗinki ne sana'ata. Duk ranar da zan fita sarin yadi ko zan je asibiti, nakan daɗe a bakin titi cikin rana. Masu Keke Napep sukan rage gudu, amma da zarar sun hangi kekena sai su ƙara wuta su wuce. Wanda ya tsaya kuma sai ya ce in biya kuɗin mutum biyu ko in ɗauki shata. Shin akwai dokar da ta yi magana a kan wannan, ko haƙuri kawai zan ci gaba da yi?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara miki lafiya, ya sa albarka a sana'arki. Akwai doka, kuma ta shafi ainihin abin da kika kawo. A ranar 23 ga Janairu, 2019, shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sanya hannu a kan Dokar Haramta Nuna Wariya ga Masu Naƙasa ta 2018, bayan shekaru masu yawa da ƙungiyoyin masu naƙasa suka yi suna kai gwauro suna kai mari a Majalisar Tarayya. Tun a 2010 Najeriya ta riga ta tabbatar da amincewarta da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa, wannan doka kuwa ita ce ta shigo da alƙawarin cikin gida.

Sashen farko na dokar ya hana kowane mutum ko hukuma nuna wa wani wariya saboda naƙasarsa. Mutumin da kotu ta samu da laifi zai biya tarar Naira 100,000, ko a ɗaure shi wata shida, ko a haɗa masa duka biyun, idan kuwa kamfani ne tararsa Naira 1,000,000 ce. Ban da wannan hukunci, wanda aka zalunta yana da damar shigar da tasa ƙarar ta neman diyya. Dokar ta kuma fayyace cewa mai yi wa jama'a wata hidima yana iya faɗawa laifin wariya ta fuska uku: ya ƙi yin hidimar gaba ɗaya, ko ya gindaya wa mai naƙasa sharaɗin da bai gindaya wa sauran mutane ba, ko ya yi masa hidimar cikin wulaƙanci. Mai Keken da ya wuce ki don ya ga kekenki ya shiga ta farko, wanda ya ninka miki kuɗi kuma ya shiga ta biyu.

A nawa ganin, kekenki ƙafafunki ne, kuma ba a taɓa jin an caji fasinja kuɗin ƙafafunsa ba. Idan keken irin na asibiti ne mai naɗewa, wanda za a iya jingina shi a gaban ƙafafunki ko a ɗaure shi a baya, ba ni ganin wata hujjar ƙara miki ko sisi. Inda maganar ke da ɗan wuya shi ne babban keken guragu mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, irin wanda maƙeranmu suke haɗawa, domin ba ya naɗewa, kuma da gaske yakan hana direba ɗaukar wani fasinja. Ba zan rufe ido ga halin da shi ma direban yake ciki ba: tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mai ya ninka, kuma da yawansu Keken ba nasu ba ne, akwai balas da za su kai wa mai shi kowace yamma. Sai dai wannan ba dalili ba ne na a bar kowane direba ya yanka miki farashin da ya ga dama a tsakiyar rana, kina cikin matsuwa. Kamata ya yi ƙungiyar masu Keke ta tsayar da ƙa'ida ɗaya da kowa ya sani.

Kafin a kai ga haka, ki riƙi lambar waya ta direba biyu ko uku na unguwarku waɗanda kika ga mutuncinsu, ku yi yarjejeniyar kuɗi tun farko, ki riƙa kiransu har ƙofar gida. Wanda kuma ya ci zarafinki, ki rubuta lambar da ke jikin Kekensa, da wurin, da lokacin.

TAMBAYA: Malam, ni direba ne, na shekara 22 ina jigila tsakanin Sakkwato da Illela da ƙaramar bas. Na ji a rediyo cewa wai dole kowace motar haya ta sanya wani ƙarfe da keken guragu zai hau. Motata tsohuwa ce, ba ni da halin wannan. Me dokar take so daga gare ni?

AMSA: Alhaji, na ji daɗin wasiƙarka ƙwarai, domin ba kasafai direba yakan tambayi abin da ke wuyansa ba kafin a kawo ƙararsa. Abin da ka ji a rediyo yana da tushe. Dokar ta umarci masu harkar sufuri, na gwamnati da masu zaman kansu, su tanadi na'urar ɗaga keke, ko gangara da keke zai bi ya hau, a motocinsu da tashoshinsu da wuraren tsayawar bas, su kuma riƙa kula da su, abin da ya lalace a gyara shi ko a sauya. Ta ce kowace motar haya ta riƙa sanar da inda ta nufa ta yadda za a ji da kunne kuma a gani da ido. An bayar da wa'adin shekara biyar don a gyara gine-gine da ababen hawa, kuma wannan wa'adi ya cika tun Janairun 2024.

Duk wanda ya karanta wannan ɓangare zai ga cewa manyan bas-bas na birane ne a zuciyar waɗanda suka rubuta shi, alhali mu a nan ƙaramar bas da tasi da Keke Napep da kabu-kabu ne suke ɗauke da jama'a. Saboda haka ra'ayina shi ne nauyin kayan ƙarfe ya fi rataya a wuyan masu tarin motoci da masu mallakar tashoshi. Duk hukumar da za ta sayo sababbin motocin haya da kuɗin jama'a bai kamata ta karɓi wadda keken gurgu ba zai iya shiga ba, domin saka wannan sharaɗi tun wajen saye ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan yanke mota a yi mata kwaskwarima daga baya. Haka nan zuba siminti a yi gangara a bakin rumfar jira da ƙofar ban-ɗaki a tasha aiki ne na 'yan buhuna kaɗan.

Akwai kuma ƙa'idoji guda biyu a dokar waɗanda naka ne kai tsaye, kuma ba za su ci maka ko kwabo ba. Ta farko, kafin mai naƙasa ya hau ko ya sauka, wajibi ne direba ya tabbatar motar ta tsaya cik. Wannan ɗabi'a ta sakin birki mota tana silalewa, kwandasta yana buga jikinta yana cewa a yi sauri, ita ce take kayar da mai sanda, kuma faɗuwa ɗaya ga wanda ƙafarsa ɗaya ce mai ƙarfi tana iya kwantar da shi watanni. Ta biyu, idan mai naƙasa zai shiga mota, sauran fasinjoji su dakata har sai ya shiga. Ko a layin yankar tikiti dokar ta ce a fara da shi, kuma wanda ya saɓa wa wannan yana fuskantar tarar Naira 50,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun.

Sauran abubuwan daga ladabin sana'a ne, kuma ka fi ni saninsu. Ka ba shi gidan gaba ko kujerar bakin ƙofa, kada a tura shi can baya inda sai ya tsallake buhuna. Kada yaranka su sungume shi kamar kaya ba tare da sun tambaye shi yadda yake so a taimaka masa ba, domin shi ya san inda ke masa ciwo, kuma idan mace ce a nemo mata su kama mata. Kada a ɗora buhun albasa a kan keke a but, domin ƙafar keke idan ta lanƙwashe mai shi ya rasa hanyar fita daga gida. Sandarsa kuwa ta zauna kusa da hannunsa. Game da sanar da inda ka nufa, kiran da 'yan kamasho suke yi ya wadatar da makaho, saura kurma, shi kuma allo ɗan ƙarami a gaban gilashi da aka rubuta Illela da boko da ajami ya ishe shi.

TAMBAYA: Mahaifina makaho ne, kuma ya san hanyoyin garin nan fiye da masu ido da yawa. Kwanan baya wani direba ya ƙi ɗaukarsa zuwa Wurno, ya ce sai ya zo da ɗan jagora. Yana da wannan ikon?

AMSA: Ɗan'uwa, ka gaishe mini da Baba. Ƙin ɗaukarsa don ya zo shi kaɗai sharaɗi ne da ba a gindaya wa sauran fasinjoji ba, don haka ya faɗa cikin abin da na bayyana wa Malama a sama. Baligi mai hankali shi yake yanke wa kansa ko yana buƙatar rakiya. Abin da ke kan direba shi ne ya faɗa masa da baki idan an iso, ya sauke shi a daidai inda suka yi da shi, ya kuma gaya masa ɓangaren da titi yake da ɓangaren da kwata take. Sauke makaho taku ashirin gaba da inda ya saba yana iya ɓatar da shi gaba ɗaya, domin da ƙidayar taku da alamun da ya haddace yake tafiya. Idan kuwa ya zo da ɗan jagora wanda ya zauna a kujera, biyan kuɗin wannan kujera daidai ne.

TAMBAYA: Za mu raka mahaifiyarmu Umara, ta samu shanyewar ɓarin jiki. Jirgin sama ma yana cikin dokar?

AMSA: Yana ciki, Hajiya, Allah ya ba Inna lafiya, ya karɓi ibada. Dokar ta wajabta wa kamfanonin jiragen sama da ke aiki a Najeriya su tanadi keke mai kyau mai aiki, su taimaka wa mai naƙasa wajen hawa da sauka cikin aminci, su kuma ba shi fifiko a lokacin shiga da fita. Ta haɗa har da jiragen ƙasa, ko da yake mu layin dogo bai iso mu ba, a Ƙauran Namoda ya tsaya. Ko daga filin jirgin sama na Sultan Abubakar III za ku tashi ko daga wani gari, ku sanar da kamfanin tun wajen yankar tikiti, aƙalla kwana biyu kafin tafiya, ku faɗa musu a fili ko tana iya hawa matakala ko ba ta iyawa. Idan kekenta mai batir ne ku ambata, domin batir yana da nasa ƙa'idojin a jirgi.

TAMBAYA: Mu 'yan wata ƙaramar ƙungiyar guragu ne a Gwadabawa. Idan an take mana waɗannan haƙƙoƙi, ina za mu kai kuka?

AMSA: 'Yan'uwa, dokar ta kafa Hukumar Kula da Masu Naƙasa ta Ƙasa, wadda aka naɗa shugabanninta na farko a 2020, hedikwatarta tana Abuja, kuma karɓar koke yana cikin ayyukanta. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa tana da ofis a jihohi kuma ba a biyan kuɗi don shigar da koke, sannan Hukumar Ba da Agajin Shari'a tana samar da lauya kyauta ga marar hali. Akwai kuma haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu naƙasa ta ƙasa, JONAPWD, wadda ya dace ku ƙulla alaƙa da reshenta na jiha.

Amma shawarata ita ce ku fara daga tasharku. Direba ya fi jin maganar shugaban reshen ƙungiyar direbobi ta ƙasa, NURTW, na tasharsa fiye da kowace takarda daga Abuja, domin shi ne mai iya hana shi lodi gobe da safe. Ku nemi zama da shugabannin reshen, ku tafi tare da Sarkin Guragu da Sarkin Makafi na garinku, in da hali da wakilin hakimi, domin maganar ta samu shaidu. Kada ku je da dogon jerin buƙatu a zaman farko. Ku roƙi abu uku da za a rubuta a manna a ofishin tasha: mota ta tsaya cik kafin mai naƙasa ya hau ko ya sauka, a ware masa kujerar bakin ƙofa ya fara shiga, kuma a tsayar da magana ɗaya kan kuɗin ɗaukar keken gurgu. Ku nemi su ba ku mutum guda daga cikinsu wanda za a riƙa kai wa ƙara, ku ma ku ware naku mai riƙe littafi, yana rubuta ranar da abin ya faru da lambar mota da sunan shaida. Idan aka yi wata uku ba a ga sauyi ba, wannan littafin shi za ku ɗauka ku kai ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam a Sakkwato.