Bakanikena ya ce a cire tamostat, wai motar 'yar ƙasar sanyi ce

TAMBAYA

Assalamu alaikum Injiniya. Ni malamin makaranta ne a Zariya. Ina da Corolla samfurin 2005, 'yar Kwatano, shekara 6 ke nan tana hannuna. Tun da zafin nan ya shigo, in na faɗa cunkoso da esi a kunne sai allurar zafi ta kama hawa har ta wuce rabi, amma da na samu hanya na taka sai ta sauko. Ranar Juma'a sai da na faka a Sabon Gari na kashe ta. Bakanikena ya ce a cire tamostat a yar, a haɗa fanka kai-tsaye, domin wai don ƙasar ƙanƙara aka ƙera motar. Ina son kai iyali Gusau hutun Sallah, kuma wallahi in ta ƙona gasket ba ni da kuɗin sauke inji. In bari ya cire?

AMSA

Wa alaikumus salam Malam. Kada ka bari ya cire. Bayanin da ka yi da kanka ma ya wanke tamostat ɗin tas, wato ɗan ƙarfen nan da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in inji ya ɗau zafi.

Tamostat ɗin da ya maƙale a rufe ba ruwansa da cunkoso ko sararin hanya. Cikin minti 10 zuwa 15 da tayar da mota allura za ta doshi ja, ko kana tsaye ko kana tafe, gudun ma ƙara mata zafi yake yi. Taka kuwa a tsaye take hawa, ta sauko in ka taka. Ruwa yana zagayawa ke nan, iska ce ba ta ratsa lagireto sai gudun mota ya turo ta. Nan za ka sa ido.

Gobe da safe ka ɗaga banet, ka tayar da mota, ka kunna esi. Fanka ya kamata ta tashi, har in ka kara takarda a gaban kwandensa, wato lagireton esi da ke gaban na inji, ta manne. In ba ta tashi ba, a duba fis da rile da soket ɗinta kafin a taɓa komai. In har mota ta ɗau zafi sosai tana juyawa a sanyaye kamar fankar ɗaki da ƙaramar wuta, wataƙila injinta ya gaji, a gwada shi, in haka ne a canza shi. Daga nan ka haska tocila tsakanin kwandensa da lagireto. Wurin nan ba wanda ke leƙawa, alhali can ƙurar hunturu shida ta taru, ga leda, ga gashin kaza, ga ciyawa, sun zama kamar bargo. A wanke da ruwan tiyo marar ƙarfi daga ɓangaren inji zuwa waje. Kada yaran wankin mota su sa masa injin feshi, lanƙwashe siraran ƙarafan yake yi. Sai murfin lagireto: in robarsa ta tsattsage ko sifirin ɗin ya saki, ka sayi sabo mai lamba daidai da wadda ke rubuce a kan tsohon, 0.9 ce ko 1.1. Ina kyautata zaton matsalarka ba za ta wuce waɗannan ba.

Yanzu bari in koma kan maganar ƙasar sanyi, domin na gaji da jinta. Da wuya mako ya wuce ba a kawo mini motar da aka yi wa wannan aika-aika ba. A garejina akwai tsohon gwangwanin fenti da nake tara tamostat ɗin da na tsinto a but ko a aljihun ƙofar motocin mutane. Bakanike ya cire, ya miƙa wa mai mota kamar ya cire masa ƙaya, ya karɓi kuɗin aiki. In na jefa su a ruwan zafi, akasarinsu buɗewa suke yi lafiya lau. An bar jaki ana dukan taiki.

Wace ƙasar sanyin? Irin wannan Corolla ɗin tana yawo a Arizona ta Amurka, inda zafin bazara kan haura digiri 45. Sababbin Toyota da ake sayarwa a Saudiyya da Dubai da tamostat ɗinsu suke fitowa, wanda ya yi aikin Hajji da bazara kuwa ba sai an ba shi labarin rana ba. Tamostat ɗin injinka yana fara buɗewa a wajen digiri 82, ya gama buɗewa a wajen 95. A tsakanin nan aka tsara inji ya yi aiki. Zafin Zariya na watan Afrilu da muke kuka da shi, wajen digiri 40 ne in ya tsananta. Mu yake gasawa, a wurin inji sanyi ne. Kuma da zarar zafin mota ya kai wajen 95, tamostat a buɗe yake hanhai, ba abin da yake tarewa. Wanda ya cire shi don mota tana tafasa ya ɓalle ƙofar da dama a buɗe take.

Akwai abin da ya fi wannan muni wanda masu cirewar ba su taɓa tsayawa sun duba ba. Ka juya tamostat ɗin Toyota ko Honda na wannan zamanin ka ga bayansa, akwai wani ɗan faifai a ƙarshen sandar. Cikin inji akwai gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya dawo wa famfon ruwa ba tare da ya je lagireto ba, ita ruwan ke bi lokacin da inji yake da sanyi. Idan tamostat ya buɗe hanyar lagireto, faifan nan ne ke toshe gajeriyar hanyar. Ka cire shi, hanyoyi biyu sun zauna a buɗe har abada. Ruwa kuwa inda ya fi sauƙi yake bi, don haka wani kaso na ruwan zafi zai riƙa kewayawa cikin inji bai taɓa ganin lagireto ba. Shi ya sa za ka ga motar da aka cire wa tamostat tana sanyi ƙalau cikin gari da safe, amma ranar da aka cika ta da mutane da buhun masara aka hau doguwar hanya da tsakar rana, sai ta tafasa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

To, a ce ma ba ta tafasa ba, ta zauna da sanyi kamar yadda bakaniken ya yi alkawari. Kai kana murna allura tana ƙasa, ita kuwa kwamfutar motar sansa tana gaya mata inji bai ɗumama ba. Me kwamfuta ke yi wa inji mai sanyi? Ƙara masa fetur, kamar yadda ake jan cok a tsohuwar Fijo da asuba. Bambancin shi ne direban Fijo yana mayar da cok ɗinsa bayan minti kaɗan, taka kuwa za ta daɗe a haka, da hunturu ma wataƙila har ka isa makaranta ba ta daina ba. Ka lissafa wannan da tsadar fetur ta yanzu, kullum, shekara guda. Rarar fetur ɗin da bai ƙone ba shi ke wanke baƙin man da ke jikin silinda, ring ya riƙa gogar ƙarfe tsirara, ya kuma tsiyaya cikin baƙin mai ya tsinka shi. Danshin da ya kamata zafin inji ya kore daga mai ba ya fita, sai ya haɗu da dauɗa ya zama wannan baƙin kunun da ake kwasowa da cokali in an buɗe murfin inji. Fulogi su yi baƙi, abin nan na cikin salansa da ake kira indomi ya toshe, fitilar inji ta kama, in an sa na'ura ta nuna P0128. Sai kuma a samu wani gwanin ya cire indomin, ya liƙe fitilar da baƙin salatif. Bayan shekara biyu mota ta fara hayaƙi tana shan baƙin mai, a ce ai ta tsufa. Ba wanda zai tuna da ɗan ƙarfen da aka jefa a but.

Haɗa fanka kai-tsaye ƙanin wannan ne. An yi ta ne ta tashi in zafi ya haura 90 ko an kunna esi, ta yi aikinta ta huta. In aka ɗaure ta da makulli, daga tayarwa har kashewa tana juyi, injinta zai mutu da wuri, kuma ba ya sallama in zai mutu. Wayar da riwaya ya jona sau da yawa ba fis a kanta, an naɗe ta da leda kusa da inji. Na taɓa ganin wadda ta narke har ta kama soson banet. Sannan ainihin abin da ya lalace, rile ne ko sansa, yana nan ba a gyara ba.

Ban ce tamostat ba ya mutuwa ba. Yana mutuwa, naka kuma ya haura shekara 15 in ba a taɓa canza shi ba. Da a dajin Allah ya maƙale maka da dare, ni da kaina zan ce a cire ka lallaɓa zuwa gari. Amma washegari a sa sabo. Gwada shi kuwa ba ya buƙatar gareji. Ka ari tsohuwar tukunya wurin uwargida, ka ɗaura masa zare ka rataya shi cikin ruwa kada ya taɓa gindin tukunyar, ka ɗora a wuta. Lokacin da ƙananan kumfa suka fara taruwa a gefe, tun ruwa bai tafasa ba, za ka ga bakinsa ya fara rabuwa. Kafin ya tafasa sosai ya buɗe kusan milimita 10. Ka tsamo shi, ya huce, ya rufe ruf. In ya yi haka lafiyarsa ƙalau. In ya ƙi buɗewa, ko ya huce bai rufe ba, ka nemi na asali mai lamba 82 a jiki. Wajen mayarwa akwai ɗan ƙaramin ƙarfe mai rawa a gefen faifansa, shi ne mafitar iska, sama zai kalla. Kanikawa da yawa ba sa kula da wannan, sai iska ta maƙale a ciki, allura ta riƙa tsalle, su ce ka gani, dama mun faɗa maka.

Ba ka ambaci abin da kake zubawa a lagireto ba, amma na san amsar. Ruwan rijiya ne ko fiyawota. Ka leƙa cikin butar mai shayi ka ga farin ɓawon da ya kama ta. Shi ke kama bututun lagireto, waɗanda kaurinsu bai kai tsinken tsintsiya biyu ba. Tsurar ruwa kuma yana cin famfon ruwa da alminiyon inji, abin da kulan, wato ruwan lagireto na musamman, ke hanawa ke nan, ba don ƙanƙara kaɗai aka yi shi ba. Injinka yana ɗaukar lita 6 da rabi. A zubar da na ciki, a ɗauraye da ruwa mai tsabta ba da omo ba, a zuba kulan na kirki. Ka yi hankali da ruwan kala da ake ɗurawa a galan a bakin titi, rini ne kawai.

In kuma ta hau maka a hanya, kashe esi, kunna hita har ƙarshe in tana aiki, ka samu gefe ka tsaya. Kada ka buɗe murfin lagireto. Matsin da murfin ke riƙewa shi ke hana ruwan tafasa har ya kai wajen digiri 120, da ka murɗa shi gaba ɗaya zai taso maka a fuska. Ina da yaron gareji da har yau fatar hannunsa daga wuyan hannu zuwa gwiwa fara ce sol saboda wannan. Ka jira aƙalla rabin sa'a, sai ka iya matsa tiyon sama da hannu ka ji ya yi laushi. Masu taimako za su taru da bokiti su ce a kwara wa inji ruwan sanyi. Ka yi musu godiya ka hana, kan silindarka alminiyo ne, zai iya karkacewa.

Saura zancen Gusau. Tunda ta riga ta hau maka ranar Juma'a, ka tabbatar gasket bai taɓu ba kafin ka ɗebi yara. Da safe, inji da sanyi, buɗe murfin lagireto ka ga ruwa cike yake, ka tayar ka zuba ido minti 2. In kumfa na ta ɓulɓulowa ba tsayawa, ko ruwa na raguwa kullum ba ka ga inda yake yoyo ba, ko ƙarƙashin murfin baƙin mai ya yi kalar shayi da madara, ko salansa na fitar da farin hayaƙi bayan mota ta ɗumama, to motar nan ba za ta je ko Funtuwa ba, ku hau ta haya. In ba ko ɗaya, a gyara fanka, ka yi kwana uku kana shiga cunkoson da ta saba hawa a ciki da esi a kunne. Allura ta tsaya cak ɗan ƙasa da rabi, to Allah ya kiyaye hanya.

Af, na kusa mantawa. 'Yar Kwatano ce, kuma da yawansu tun kafin su iso hannun mai saye an riga an cire musu tamostat. Bayan ka gama duba kumfan nan ka mayar da murfin lagireto, ka dafa tiyon ƙasa na lagireto, kana kiyaye hannunka daga fanka da bel. In tamostat yana ciki, tiyon zai zauna da sanyi har allura ta kusa rabi, sannan ya ɗau ɗumi. In kuwa tun minti 3 na farko yake ɗumama tare da na sama, to ba abin da bakanikenka zai cire, sabo za ka saya. Ka rubuto mini abin da ka gani.