Tambayi Kawu: Baturen nan mai jan gashi da ya zauna a Ikeja

Tambaya: Kawu, barka da aiki. Mahaifinmu ya yi gadi a Ikeja zamanin Gowon, kuma har Allah ya yi masa rasuwa yana ba mu labarin wani dogon Bature mai jan gashi, mai saurin fushi, wanda ya buɗe gidan ɗaukar kiɗa a unguwar, yana kuma abota da Fela. Baba yakan ce a ƙasarsu babban makaɗi ne. Yayana ya ce zancen tsofaffi ne kawai, wai me babban makaɗin Ingila zai zo nema a Ikeja. Wa ke da gaskiya?
*Daga wani mai sayar da albasa, kasuwar Mile 12*

Amsa: Ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kai haske kabarinsa. Ka ce wa yayanka ya janye maganarsa, tsoho bai ƙara gishiri ba ko kaɗan.

Ginger Baker ne mutumin. Sunansa na yanka Peter Edward Baker, an haife shi a kudancin Landan a 1939, kuma jan gashin nan ne ya jawo masa laƙabin. Shi ne mai ganga a ƙungiyar kiɗan rok da ake kira Cream, wadda shekara biyu da 'yan watanni kawai ta yi a duniya, daga tsakiyar 1966 zuwa ƙarshen 1968, amma faya-fayanta da aka sayar sun haura miliyan 15.

Su uku ne rak. Eric Clapton na kaɗa jita, Jack Bruce ɗan Sikotilan na riƙe da jitar bes kuma shi ke yawancin waƙar, Baker na kan ganguna. Ba 'yan amshi, ba masu busa. Kowannensu ya riga ya yi suna kafin su haɗu, musamman Clapton, wanda ya bi ta ƙungiyar Yardbirds ya koma wajen John Mayall, har samarin Landan suka riƙa rubuta masa wani kirari a jikin bango da ba zan maimaita a nan ba, wa'iyazubillahi.

Baker ne ya kawo shawarar. Ya je Oksifod ya kalli Clapton yana wasa, ya rage masa hanya a motarsa zuwa Landan, a hanya ya ce su kafa ƙungiya. Clapton ya ce ya yarda, amma da sharaɗi guda: a ɗauko Jack Bruce. To a nan gizo ke saƙa, domin Baker da Bruce ba sa ga maciji. Sun yi aiki tare a ƙungiyar Graham Bond, sun sha ba hammata iska a gaban 'yan kallo, har Baker ya kore shi yana nuna masa wuƙa. Duk da haka ya haɗiye, saboda ya san duk Ingila samun mai bes kamar Bruce sai an tona.

Faifai huɗu suka bari: Fresh Cream a ƙarshen 1966, Disraeli Gears a 1967, Wheels of Fire a 1968, sai Goodbye da ya fito a 1969 bayan sun watse. Na biyun a Niyok suka ɗauke shi cikin 'yan kwanaki, a cikinsa ne waƙar da har gobe aka fi sanin su da ita take, "Sunshine of Your Love". Na ukun tagwayen faifai ne, ɗaya na situdiyo, ɗaya na wasan da suka yi a gaban jama'a a San Faransisko, kuma ya hau matsayi na ɗaya a Amurka. A faifan wasan San Faransisko ɗin ne za ka gane irin ƙungiyar da suke. Waƙar da aka saba gamawa cikin minti uku sai su ja ta ta wuce kwata, kowa na kaɗa abin da ya zo masa, ba mai jiran wani. Baker da Bruce daga kiɗan jaz suka fito, inda wannan ba baƙon abu ba ne, Clapton kuwa daga kiɗan bulus na baƙaƙen fatan Amurka. Masu rok na lokacin ba su saba jin haka ba.

Abin da ya ɗaga su shi ya kayar da su. Mutum uku, kowa gwani, ba mai sassautawa. Bruce ya riƙa ƙure ƙarar lasifikokinsa na Marshall har Baker ya ce kunnuwansa sun lalace. Rangadin Amurka ba hutu. A 1968 mujallar Rolling Stone ta buga wani sharhi da ya soki salon Clapton, abin ya taɓa shi ƙwarai, ga shi dama ya gaji da raba faɗa. Ranar 26 ga Nuwamba, 1968 suka yi wasan bankwana a zauren Royal Albert da ke Landan.

Clapton da Baker sun sake gwadawa a 1969 da wata ƙungiya, Blind Faith, faifai ɗaya ta yi ta mutu. Daga nan hankalin Baker ya karkata Afirka. Dama ya san Fela tun Fela na karatun kiɗa a kwalejin Trinity ta Landan. A 1971 ya tuƙo Range Rover ya keto Sahara ta Aljeriya, ya sauko Nijar ya shigo Najeriya, wato sai da ya ratsa ƙasar Hausa kafin ya ga ruwan Legas. Situdiyon da mahaifinku ya sani shi ne ARC, wanda ya buɗe a Ikeja a farkon 1973 da na'ura mai layin sauti 16, abin da ba a saba gani ba a Afirka ta Yamma a lokacin. Harkar ba ta ɗore ba, kuɗinsa suka narke, ya tattara ya koma. Saurin fushin da Baba ya faɗa kuwa bai bar shi ba har tsufa: yana da shekara saba'in da wani abu ya fasa wa mai shirya fim ɗin tarihinsa hanci da sandar dogarawa, kyamara na ɗauka.

Sun sake haɗuwa su uku a 1993 da aka karrama su a Amurka, sannan a 2005 suka yi dare huɗu a zauren Royal Albert da dare uku a Niyok, inda tsohuwar rigimar ƙarar lasifika ta sake tashi. Bruce ya mutu a 2014, Baker a watan Oktoba na 2019 yana da shekara 80.

Tambaya: Kawu, ina jan tirela, kullum ina layin shiga tashar jiragen ruwa. Wani abokin aikina Bayarabe ya ce ɗaya daga cikin 'yan Beatles ya taɓa yin faifai a nan Apapa har 'yan fashi suka tare shi. Da gaske ne?
*Daga wani direba, Apapa*

Amsa: Da gaske ne, Malam, kuma a titin Wharf da kake kwana a kai cikin cunkoso aka yi. Paul McCartney ne, a damunar 1973, shekara uku bayan watsewar Beatles, shahararriyar ƙungiyar kiɗan nan ta Ingila, lokacin yana da ƙungiyarsa mai suna Wings. Ya nemi jerin ƙasashen da kamfanin EMI ke da situdiyo, ya ga Legas, ya zaci rana da bakin teku zai tarar. Ana gab da tafiya mutum biyu suka fice daga ƙungiyar, har da mai ganga, sai ya iso da matarsa Linda da Denny Laine kawai. Ya tarar da ruwan sama da situdiyo mai layi 8 da ba a gama haɗa shi ba. Gangar ma da kansa ya kaɗa.

Wani dare shi da Linda suka fita yawo a ƙafa, duk da an gargaɗe su. Wasu a mota suka tare su da wuƙa, suka ƙwace abin da ke hannunsu, har da kaset ɗin gwajin waƙoƙin da littafin da ya rubuta baitocin. Daga ka ya sake tuno su. Wata rana kuma numfashinsa ya sarƙe a situdiyo ya yanke jiki ya faɗi.

Fela ma bai ƙyale shi ba. Ya fito fili ya ce Bature ya zo satar kiɗan baƙar fata. McCartney ya gayyato shi ya kunna masa abin da suka ɗauka, Fela ya ji babu kiɗan Afirka a ciki, aka rabu lafiya. Shi McCartney ya sha faɗa cewa da ya je gidan rawar Fela ya ji ƙungiyarsa, sai da ya zubar da hawaye don daɗi. Baker ya so a ɗauki faifan duka a wurinsa a Ikeja, amma waƙa guda aka je aka yi a can, inda shi Baker ɗin ya karkaɗa gwangwani cike da tsakuwa. Faifan shi ne Band on the Run, ya fito a Disamban 1973, kuma masu sharhi da yawa na ganin McCartney bai yi wanda ya fi shi ba tun bayan Beatles. A ganina dai Legas masauki ce kawai gare shi. Ka saurari faifan daga farko har ƙarshe, ba za ka ji Apapa a ciki ba.

Tambaya: Kawu, ni mai kula da dawaki ne. Tsofaffin wurin aikinmu suna cewa wani makaɗin Turawa ya koyi ƙwallon dawaki a Ikoyi. Shi ne wannan Baker ɗin?
*Daga wani matashi, Obalende*

Amsa: Shi ne, ɗana. A Legas ya kamu da son wasan, kuma bai rabu da shi ba. Ya riƙe dawaki a Amurka, ya riƙe a Afirka ta Kudu, kuma dawakin sun ci kuɗinsa ba kaɗan ba, har abin da ya samu a wasannin 2005. Ku da kuke sayen dusa da harawa kun fi ni sanin yadda hakan ke faruwa. Wasan ya haɗa shi da manyan gari da hafsoshin soja, mutanen da Fela ke zagi a waƙa dare da rana, kuma hakan ya sanyaya abotarsu. Da Katsina ya nufa ma da ya ga wasa, domin Sarki Usman Nagogo gwani ne da aka sani har ƙasashen waje.

Tambaya: Kawu, ina kaɗa gangunan bature a wata ƙungiya da ke wasa a bukukuwan aure. Maigidanmu ya ce Baker ne ya koya wa Tony Allen ganga, shi ya sa kiɗan Fela ya yi daɗi. Ni dai ban gamsu ba.
*Daga wani makaɗi, Idi-Araba*

Amsa: Gara da ba ka gamsu ba. Ka gaishe da maigidanka, amma ya juya zancen. Tony Allen, mai gangar Fela, ya haɗu da shi tun 1964, lokacin ƙungiyarsu ta Koola Lobitos, shekaru kafin Baker ya taka ƙasar nan, kuma salon da ake kira Afrobeat a hannunsa da ƙafarsa aka gina shi. Baker da kansa bai taɓa cewa ya zo koyarwa ba. Tun yana saurayi malaminsa Phil Seamen, wani gwanin gangar jaz a Landan, ya zaunar da shi ya kunna masa faya-fayan gangunan Afirka, ya ce ya nemo inda bugun yake. Abin da ya biyo har Legas ke nan. Tun zamanin Seamen ɗin ne kuma ya faɗa shan hirowin, wadda ya yi shekara da shekaru yana fama da ita, wannan kuwa kada ka koya.

Ba ina rage masa daraja ba ne. Yana cikin na farko a kiɗan rok da suka ajiye manyan gangunan ƙafa biyu maimakon ɗaya, dabarar da ya gano wajen mai gangar Duke Ellington, gwanin jaz na Amurka. Ya fi dogara da gangunan da ke da zurfin murya fiye da farantan ƙarfe, shi ya sa kiɗansa ke da nauyi, ka ce tambarin fada ake bugawa. Kuma yaran Legas sun amfana da shi: Berkley Jones da Laolu Akins sun zaga Turai da Amurka a ƙungiyarsa ta Salt, tare da tagwayen nan 'yan gidan Lijadu, suka dawo suka kafa ƙungiyar BLO da Mike Odumosu.

Lokacin da nake sayar da kaset a Agege, masu tambayar Cream ba su da yawa, yawanci malaman makaranta ne da tsofaffin sojoji. Nakan ce musu kiɗan nan na minti 16 da ke cikin Wheels of Fire, wanda yawancinsa gangarsa ce shi kaɗai, sai mai haƙuri, ni kaina ba kullum nake kai ƙarshensa ba. Kai da kake sana'ar, nemi faifan da ya yi da Fela da ƙungiyar Fela ɗin, Africa 70, a 1971, wanda aka ɗauka a situdiyon Abbey Road na Landan a gaban 'yan kallo kaɗan. A bugun da aka sake fitarwa daga baya an ƙara wasan da shi da Allen suka yi su biyu a Balin ta Jamus a 1978. Sa abin ji a kunne ka raba su: Baker yana dukan ganga da dukkan ƙarfinsa, Allen yana shafa ta, gaɓoɓinsa huɗu kowanne na tafiyarsa daban. Ka fara da koyon ƙafar hagu ta Allen, ita ce mai wuyar.