Tambayoyinku Kan Fasaha: Tsohuwar Kwamfuta, Manhajar Sata Da Ƙwayar Silikon

Tambaya daga wani ɗalibi a Katsina: Malam, na sayi wayar da aka rubuta RAM 8GB+8GB a kwalinta, amma abokina ya dage cewa ba 16GB ba ce. Wa ke da gaskiya a cikinmu?

Amsa: Abokinka ne da gaskiya, sai ka je ka ba shi haƙuri. RAM, wato wurin da waya ke riƙe abin da take aiki a kai a lokacin, wanda aka liƙa a jikin wayarka 8GB ne kawai. Ƙarin takwas ɗin daga ma'ajiyar wayar ake yanko shi a ara wa manhajojin da ka buɗe ka bari, kuma ma'ajiya ba ta kai RAM sauri ba ko kusa. Tecno da Infinix suna kiran wannan dabara MemFusion, Samsung kuma RAM Plus. Idan za ka sake sayen waya, lambar farko kaɗai za ka duba.

Tambaya daga wata malamar makarantar sakandare a Gusau: Ina da laftof ƙirar HP da na saya ta hannu, Core i5 ƙarni na shida, RAM 8GB, kuma Windows 10 ke kanta. Ta ce min ba za ta karɓi Windows 11 ba. Mai gyara ya ce zai saka min Windows 11 da Office waɗanda aka fasa, sannan ya kashe sabuntawa don kada a gane, ga kuma sauƙin data. Wani ɗan'uwana kuma ya ce in saka Linux, amma an faɗa min buɗaɗɗiyar manhaja ba ta da tsaro tunda kowa na iya ganin cikinta. Mene ne mafita?

Amsa: Malama, Allah ya saka miki da alheri da kika tambaya kafin ki miƙa na'urar, domin mafi yawan masu rubuto min a kan wannan sai bayan an kwashe musu kuɗi a asusu suke tunawa da ni. Wannan shawara ta mai gyaran tana cikin abubuwan da suka fi ci min tuwo a ƙwarya, saboda haka ki yi haƙuri, zan daɗe a kanta.

Kwamfutarki ba ta lalace ba. Kamfanin Microsoft ne ya daina fitar wa Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum daga ranar 14 ga Oktoba, 2025, bayan shekara goma da fitowarta, sai dai wani shirin ƙarin wa'adi da aka buɗe wa ɗaiɗaikun mutane zuwa 13 ga Oktoba, 2026. Ita kuwa Windows 11, wadda ta fito a 2021, ta zo da sharuɗɗa: tana buƙatar ƙwayar tsaro mai suna TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel galibi furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, daga ƙarni na takwas zuwa sama take karɓa. Taki ta ƙarni na shida ce, shi ya sa aka rufe mata ƙofa, alhali tana da ƙarfin rubuta jarrabawa, da haɗa sakamakon ɗalibai, da shiga intanet na wasu shekaru masu yawa.

Yanzu ki dubi abin da mai gyaran yake shirin yi. Zai ɗauko manhajar da wani mutum, wanda ba ki san shi ba, shi ma mai gyaran bai san shi ba, ya buɗe ya yi wa canje-canje, sannan ya ba ta iko a kan duk abin da ke cikin na'urar. Kafin a saka irin wannan manhaja, abu na farko da ake umartar mutum shi ne ya kashe manhajar da ke kama ƙwayoyin cuta. Ki tambayi kanki dalilin da zai sa wani ya ɓata lokacinsa ya fasa manhaja, ya biya kuɗin ajiye ta a intanet, sannan ya raba wa duniya ba tare da ya karɓi ko sisi ba. Wasu don neman suna suke yi, amma da yawa ribarsu tana cikin abin da suka cusa a ciki: mai naɗar duk abin da kika danna a allon rubutu, har da kalmar sirrin banki, ko mai amfani da furosesarki a ɓoye wajen haƙar kuɗin kirifto, na'ura ta yi ta zafi kina zaton tsufa ne. Daidai yake da ki ba baƙon da kika tsinta a tasha makullin ɗakinki ya yi miki kwafi, don kawai ya ce ba zai caje ki ba.

Kashe sabuntawar kuwa ya fi komai muni. A ranar 12 ga Mayu, 2017, wata manhajar garkuwa da bayanai mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe sama da 150, ta kulle kwamfutoci tana neman dala 300 kafin ta sake su, har wasu asibitocin gwamnati a Ingila suka dakatar da ganin marasa lafiya. Ƙofar da ta bi kuwa Microsoft ta riga ta toshe ta tun watan Maris na shekarar. Waɗanda ba su saka gyaran ba su ne suka sha wuya. Duk wanda ya ce zai kashe miki sabuntawa don a rage shan data, ki sani ya bar ki a cikin wannan rukuni da gangan, kuma a na'urar da ke ɗauke da sunayen ɗalibai da makinsu.

Sai batun Linux, wadda ita ma babbar manhaja ce mai tafiyar da kwamfuta kamar Windows. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara rubuta ta a Helsinki a 1991, kuma daga 1992 aka sanya ta ƙarƙashin lasisin GPL wanda Richard Stallman ya tsara. Lasisin ya ba kowa izinin amfani da manhajar, da karanta rubutun da aka gina ta da shi, da gyara shi, da raba shi, bisa sharaɗin cewa wanda ya raba gyararren shi ma ya bar nasa a buɗe. Ke nan idan kika saka ta, da izinin masu ita kika saka, kuma gyaran tsaro zai riƙa zuwa miki kai tsaye daga wurinsu. Wayar Android da ke hannunki a kan Linux aka gina ta, kuma tun Nuwamban 2017 kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya duk da ita suke aiki.

Wanda ya ce miki buɗaɗɗiyar manhaja ba ta da tsaro ya taɓo wani abu na gaskiya, amma ya yanke hukunci a kan rabin labari. A watan Maris na 2024 an gano cewa wani da ke amfani da sunan Jia Tan ya shafe fiye da shekara biyu yana taimaka wa mai kula da wata ƙaramar manhajar matse fayil da ake kira xz, har aka amince masa, sannan ya dasa ƙofar baya a ciki, wato ɓoyayyiyar hanyar kutse cikin na'ura. Wanda ya bankaɗo shi wani injiniya ne, Andres Freund, wanda ya lura cewa shiga wata na'ura da yake gwaji a kanta ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Bai ƙyale ba, ya bi rubutun manhajar har ya kai ga dashen, ya sanar da duniya ranar 29 ga watan, kafin abin ya shiga manyan nau'o'in Linux da jama'a ke amfani da su kullum. Mugu zai iya shiga buɗaɗɗen aiki, wannan haka yake, amma Freund ya iya binciken ne saboda rubutun a buɗe yake. Fasasshiyar Windows ɗin da ke cikin filas ɗin mai gyaranki babu wanda ke bin diddiginta.

Shawarata ita ce Linux Mint, ɗaya daga nau'o'in Linux, kuma masu bibiyar wannan shafi sun san ba na gajiya da faɗar haka. Fuskarta ta yi kama da Windows ɗin da kika saba da ita, jerin nau'i na 22 zai ci gaba da samun gyaran tsaro har 2029, kuma RAM 4GB ma ya ishe ta, balle naki takwas. Tana zuwa da Firefox da LibreOffice, wanda ke buɗe fayilolin Word da Excel, kuma a cikin saitin allon rubutu akwai tsarin Hausa na Najeriya da na Ghana, don haka ƙ da ɗ da ɓ ba za su ba ki wahala ba. Ki kwashe fayilolinki gefe, ki sauke ta daga shafinta na asali, ki ɗora a filas da manhajar Ventoy ko Rufus, ki tayar da na'urar daga filas ɗin ki gwada ta ba tare da kin goge komai ba. Idan Wi-Fi da sauti da firinta sun yi aiki, sai ki girka. Idan kuma har yanzu tsohon faifai mai juyawa ne a ciki, ki canza shi da SSD, wato ma'ajiya mai sauri marar juyawa, za ki ɗauka sabuwar kwamfuta aka ba ki.

Ba zan ɓoye miki iyakarta ba. CorelDRAW da Photoshop ba su da nau'in Linux, kuma takardar Word mai tsari mai sarƙaƙiya takan ɗan gurɓace a LibreOffice. Mai shagon buga katin biki da ke rayuwa da CorelDRAW, ko dai ya koyi buɗaɗɗun manhajojin zane Inkscape da GIMP, ko ya sayi lasisin gaske. Ke da aikinki rubutu ne da lissafin maki, babu abin da za ki rasa.

Tambaya daga wani mai shago a Maraɗi: Shin GB WhatsApp buɗaɗɗiyar manhaja ce, tunda ba kamfanin ne ya yi ta ba?

Amsa: A'a. WhatsApp ce aka fasa aka yi wa ƙari, kuma ba ka san wanda ke riƙe da ita ba, kamfanin kuma yana rufe lambobin da ya kama suna amfani da ita. Ka koma ta asali yau, sannan ka karanta amsar da ke sama. Idan buɗaɗɗiya kake so, ga Signal nan.

Tambaya daga wani mai gyaran waya a Kano: Ranka ya daɗe, kwastomomi na tambayata ma'anar 12nm da 6nm da ake rubutawa a bayanin furosesa. Babbar lamba ce ta fi ko ƙarama?

Amsa: Ƙarama ce ta fi. Furosesa tarin taransistoci ne, wato ƙananan makunnai da aka zana a kan silikon, kuma lambar tana nuni da ƙanƙantarsu: nm na nufin nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Intel 4004 da ta fito a 1971 taransista 2,300 gare ta, yayin da Apple M1 ta 2020 ke da biliyan 16. Duk lokacin da aka ƙanƙanta su, sukan rage cin wuta da fitar da zafi a kan aiki iri ɗaya. A yau lambar ta fi zama sunan zangon fasaha fiye da ainihin awon wani sashe, don haka 6nm na wani kamfani ba lallai ya yi daidai da na wani ba. A wayoyin da ke zuwa teburinka, Helio G85 ta MediaTek 12nm ce, Helio G99 kuma 6nm, shi ya sa ta biyun kan fi riƙe caji idan batir da allo iri ɗaya ne. Ka riƙa tuna wa kwastomominka cewa hasken allo da raunin sabis ma suna shanye batir ƙwarai.

Tambaya daga wani injiniya matashi a Zariya: Tunda daga yashi ake samun silikon, kuma muna da shi jibge, me ya hana mu ƙera furosesa a Najeriya?

Amsa: Ɗan'uwa, yashin shi ne mafi arha a duk harkar. Sai an tace silikon har dattinsa ya koma ƙasa da ɗaya cikin biliyan, sannan a zana masa da'irori da haske a ɗakunan da suka fi ɗakin tiyata tsabta, da wutar da ba ta ƙiftawa da tataccen ruwa mai yawan gaske. Injin da ke zana mafi ƙanƙantar da'irori da hasken EUV kamfani ɗaya ne ke ƙera shi a duniya, ASML na ƙasar Holan, kuma kowane guda ya haura dala miliyan 150. Kamfanin TSMC na Taiwan, wanda Morris Chang ya kafa a 1987, shi ke ƙera wa Apple da MediaTek da Qualcomm yawancin ƙwayoyinsu mafi inganci, domin su waɗannan ba su da masana'antar kansu, zane kawai suke yi su aika.

A nan ƙofarka take. Zanen furosesa kwamfuta da ilimi yake buƙata, kuma tsarin umarnin furosesa mai suna RISC-V, wanda aka faro a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 2010, a buɗe yake ga kowa ba tare da biyan kuɗin lasisi ba, saɓanin tsarin ARM da ke cikin kusan duk wayoyinmu. Ka koyi Verilog, harshen da ake zana da'irori da shi, ka sauke manhajojin Icarus Verilog da Yosys, waɗanda su ma buɗaɗɗu ne kuma suna aiki a Linux, ka nemi ƙaramin allon FPGA, wato ƙwayar da ake iya sake tsara da'irorinta, ka gina furosesar RISC-V mai sauƙi a kansa. Idan ta iya tara lambobi biyu ta nuna maka amsa, ka rubuto min mu tattauna mataki na gaba.