Filin Turanci: Fartanya ɗaya ko fartanyoyi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar aji shida na sakandare daga wani ƙauye kusa da Ringim, ina shirin zana WAEC. A insha'i na rubuta "The farmers carried their hoe to the farm", sai malaminmu ya sa jan biro ya mayar da shi "hoes". To ai kowane manomi fartanya ɗaya ya saɓa. Ina kuskurena?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Malaminku ya yi daidai, kuma na san inda kika ɗauko wannan: daga Hausarmu. Mu cewa muke "manoma sun saɓa fartanya", "yara sun ɗaga hannu", kowa ya gane. Bature kuwa haɗa kayan yake ya ƙirga. Manoma ashirin, fartanya ashirin, don haka "their hoes". In kika ce "their hoe", zai ɗauka fartanya guda ce suke karɓa-karɓa da ita.

Lokacin da nake koyarwa a wata makarantar ƙauye a ƙasar Gumel, wannan abu ya daɗe yana damuna, don yara masu ƙwazo ne ke asarar maki a kansa. Wata rana na sa samarin ajin suka cire hulunansu suka tara a kan teburina. Na ce su ƙirga, suka sami talatin da wani abu. Sannan na rubuta a allo: "The boys removed their caps." Wani yaro a baya ya ce, "Malam, ashe tulin ake dubawa." Shi ke nan, ya gane.

Amma kada ki bi kowace kalma kina liƙa mata "s". In wa da ƙani sun gaji jaki guda suka kai shi kasuwar Maigatari, "The brothers sold their donkey" ne, domin jakin na tarayya ne. Abin da ba a ƙirgawa ma haka yake zama: "their millet", "their advice", "their luggage". Ina roƙonki, kada "advices" ta shiga takardarki. Akwai kuma maganganun da ba a taɓa su, kamar "They went on foot" da "They learnt it by heart".

In kuma kina so ki nuna ɗai-ɗai ɗin da ke ranki, ki fara da "each": "Each farmer carried his hoe." Allah Ya ba da sa'ar jarrabawa, ki gaishe mini da malaminku.