Samun gurbin makaranta daban, samun motar makaranta daban

Tambaya: Barista, ni da maigidana muna zaune a Ingila. Wata biyu ke nan da hukuma ta danƙa mana yarinya 'yar shekara shida da rabi da za mu riƙa a matsayin 'yarmu, amma kotu ba ta kai ga ba mu takardar ƙarshe ba. Akwai makarantu biyu: ɗaya tazarar mil ɗaya daga gida, ɗaya kuma mil biyu da rabi, ita ce muka fi so. An ce mana ajin ya cika. Ni ba na tuƙi, maigida kuma tun asuba yake fita aiki. Shin dole ne su ɗauke ta? Kuma za ta samu motar makaranta kyauta?

Amsa: Hajiya, Allah ya saka muku da alheri, ya raya muku ita. Tambayoyinki biyu ne, kuma doka ba ta ɗaure su da igiya ɗaya ba. A ta farko kina da ƙarfi sosai. A ta biyu sai kin yi takatsantsan.

Mu fara da gurbi. Muddin kotu ba ta ba da umarnin riƙo ba, a idon doka yarinyar tana hannun ƙaramar hukumar da ta kawo muku ita, kuna raba nauyin iyaye tare da hukumar. Ƙa'idojin ɗaukar ɗalibai na Ingila, waɗanda aka sabunta a 2021, sun ce yaron da ke hannun hukuma shi ne na gaba a layi idan masu nema sun fi guraben yawa. Wannan fifiko ba ya faɗuwa ranar da kotu ta tabbatar muku da riƙon, yana bin ta har sakandare.

Maganar "aji ya cika" kuma kada ta karya miki gwiwa. Gaskiya ne doka ta taƙaita ƙananan azuzuwa, na 'yan shekara biyar zuwa bakwai, a kan ɗalibai 30 ga malami ɗaya. Amma yara irin 'yarki, idan aka ɗauke su a tsakiyar shekara, suna cikin waɗanda aka yarda a ƙetare wannan adadi dominsu. Sau da yawa mai amsa waya a ofishin makaranta ba ta san haka ba, lamba kawai take gani a kwamfuta. Saboda haka kada ki tsaya a waya. Ki cike takardar neman gurbi, ki nuna a ciki cewa yarinyar tana hannun hukuma, ki haɗa da wasiƙar ma'aikaciyar jin daɗin yara da ke kula da ita. Dole su ba ki amsa a rubuce cikin kwanakin makaranta 15. In sun ƙi, kina da damar ɗaukaka ƙara gaban kwamiti mai zaman kansa.

Akwai ma hanyar da ta fi wannan sauri, kuma yanzu ne take buɗe. Tunda yarinyar tana hannun hukuma, hukumar na da ikon umartar makarantar gwamnati ta ɗauke ta ko da ta cika, in kuma makarantar akademi ce, wato wadda gwamnati ke ba kuɗi amma ba ta ƙarƙashin ƙaramar hukuma, sai ta nemi sakataren ilimi, wato ministan ilimi, ya ba da umarnin. Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'i na musamman mai lura da karatun irin waɗannan yara. Ki ce wa ma'aikaciyar ta haɗa ki da shi a wannan makon. Shawarata ita ce ku kammala batun makaranta kafin takardar kotu ta fito.

To, sai mota, inda iyaye da yawa ke shan mamaki. Riƙo shi kaɗai ba ya ba yaro haƙƙin sufuri kyauta. Dokar ilimi ta 1996 tazara take dubawa: yaron da bai kai shekara takwas ba sai gidansu ya wuce mil biyu, daga takwas zuwa 16 kuma sai ya wuce mil uku. Sharaɗin da ya fi cizo shi ne a ce makarantar ita ce mafi kusa da ta dace da shi kuma take da gurbi. Idan ta mil ɗaya tana da gurbi kuka tsallake ta, hukuma za ta ce zaɓinku ne, kai wa da ɗauko wa a wuyanku. Rashin tuƙi ko fitar maigida da asuba, duk da na san nauyinsu a kanki, ba sa cikin dalilan da ke wajabta musu mota.

Ko da makarantar kusa ta cika aka ba ku mota zuwa ta nesa, ki ajiye wannan a ranki: shekara ɗaya da rabi nan gaba za ta cika takwas, mil biyu da rabi kuma bai kai uku ba. Sai fa in gidanku na cikin masu ƙaramin ƙarfi da 'ya'yansu suka cancanci abincin makaranta kyauta, nan ma'aunin mil biyu yake zama har ta kai 11. Abincin da ake ba kowane yaro a ƙananan azuzuwa ba shi ake nufi ba.

Ana auna tazarar ne ta hanya mafi gajarta da yaro zai bi a ƙafa lafiya, tare da babba in akwai buƙata. Ki bi hanyar da kanki da safe, lokacin da motoci suka yi yawa. In akwai inda babu gefen masu tafiya a ƙafa, ko mararrabar da ba wurin tsallakawa, ki ɗauki hoto ki nemi a zo a duba. Haka nan in yarinyar na da naƙasa ko wata lalura ta musamman da ba za a sa ran ta iya takawa ba, ana duba ta ita kaɗai. In an hana ku, akwai matakin koke biyu: babban jami'i ya sake dubawa, daga nan sai kwamiti mai zaman kansa. Wa'adin nema yawanci kwanakin aiki 20 ne, kada ki bari ya wuce.

In zuciyarku ta tsaya a kan makarantar nesa, ku kai maganar kuɗin sufuri teburin hukumar da ta kawo yarinyar, ku nemi a rubuta shi cikin tsarin tallafin riƙo tun yanzu. Ba dole ne su amince ba, amma wannan hukumar ce ke da alhakin duba buƙatunku na tallafi har shekara uku bayan umarnin kotu, kuma abin da aka rubuta ya fi alkawarin baki.

Wajen rajista, sunanta na yanzu za a rubuta, domin ba ku da ikon sauya sunan danginta sai da izinin kotu ko yardar iyayenta na asali a rubuce. Bayan umarnin ya fito, ki kai wa shugabar makaranta kwafi a asirce. Da wannan shaidar ce makarantar ke karɓar tallafin sama da fam 2,500 a shekara dominta, kuma ba za su iya nema ba sai kin sanar da su. A zaman nan ne kuma za ki gaya musu ko kin yarda a sa hotonta a shafinsu na intanet, da sunayen waɗanda aka yarda su ɗauko ta bayan an tashi.